Tambayoyinku: Kwalin kayan lambun bazara daga gona, da yadda za a sarrafa shi

Wasiƙun wannan fitowar daga 'yan'uwa mazauna Amurka suka zo, kuma kusan duk a kan abu ɗaya suke magana: kwalin kayan lambu da ƙananan gonaki ke raba wa masu kaso kowane mako a lokacin bazara. Ga amsoshin sashenmu na girki da lambu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ban daɗe da zuwa ƙasar nan ba. Maƙwabciyata ta ce mu haɗa kuɗi mu sayi kaso a wata gona, wai CSA. Mene ne shi, kuma ya fi zuwa kanti? (Wata uwargida, Columbus, jihar Ohio)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tsarin shi ne ki biya manomi kuɗin kaka gaba ɗaya tun bai yi shuka ba, shi kuma ya riƙa ba ki rabonki na abin da gonar ta bayar kowane mako. A jihohin arewa rabon yakan fara a Yuni ya ƙare a Oktoba, wato kamar mako 20. A Amurka an fara shi a 1986 a gonaki biyu, Indian Line a jihar Massachusetts da Temple-Wilton a New Hampshire, ko da yake tun kafin nan Farfesa Booker T. Whatley na jami'ar Tuskegee a jihar Alabama yana koya wa ƙananan manoma baƙar fata su tara iyalai masu biyan kuɗin shiga su riƙa ɗibar amfanin gonarsu. 

Ki sani riba da asara tare za ku ɗauka da manomin. In ƙanƙara ta sauka ko cuta ta kama tumatir, kwalin zai ragu, kuma galibi ba a mayar da kuɗi. Sannan ba ke ce mai zaɓe ba. A Yuni ganye ne zai cika miki gida, tumatir da tattasai kuwa sai ƙarshen Yuli ko Agusta. Shawarar maƙwabciyarki mai kyau ce, domin cikakken kaso ya yi wa mutum biyu ko uku yawa a shekarar farko. Kafin ku biya ku tambayi manomin abin da yake shukawa. In akwai kuɓewa, da barkonon habanero wanda ɗan'uwan attarugu ne, da ganyen da 'yan Jamaika ke kira kalalu, to kun dace, don kalalun nan alayyafo ne.

Tambaya: Ranar Alhamis nake karɓar kwalina, amma kafin Lahadi rabinsa ya yi yaushi ko ya ruɓe, alhali komai a firji nake sawa. Ina kuskuren yake? ('Yar'uwarku, Bronx, New York)

Amsa: Kuskuren yana cikin "komai a firji" ɗin nan, 'yar'uwa. Firji yana kan digiri 4 na Salshiyos, wato 40 na Faranhait, kuma akwai kayan da sanyin nan ke yi wa illa. Tumatir yakan rasa ƙamshi da ɗanɗano in ya daɗe a ƙasa da digiri 12, saboda haka a ajiye shi a kan tebur, wajen kututturen yana ƙasa, nesa da rana. Sai in ya nuna tuɓus kuma ba za ki ci a ranar ba ne zai shiga firji na kwana ɗaya ko biyu. Ɗoɗɗoyar Turawa, wato basil, baƙi take yi a sanyi. Ki datse gindinta ki tsoma a kofin ruwa ki bar ta a kicin. Babban gauta mai launin shunayya da kokwamba su ma ba sa son ƙasa da digiri 10: fatarsu takan yi ramuka, cikin ya yi ruwa-ruwa. In gidan da zafi ki sa su a wajen ƙofar firji, ki cinye cikin kwana 3.

Ganye kuwa firji yake so, amma a bushe. Kada ki wanke sai za ki dafa, in kuma kin wanke to ki tsane shi sosai, ki naɗe a tsumma mai tsabta, ki sa a leda ba tare da kin ɗaure tam ba. Jiƙaƙƙen ganye a rufaffiyar leda kwana biyu ya ishe shi ya zama yauƙi. Karas da bitrut da radish, ki yanke musu ganyensu tun a ranar, domin ganyen yana ci gaba da zuƙe ruwan saiwar har ta yi laushi. Kuma ki raba tumatir, tuffa da ayaba da sauran kaya, don suna fitar da wata iska mai suna etilin da ke sa ganye da kokwamba su yi rawaya.

Abin da ya fi duk wannan amfani shi ne tsarin ci. Daren da kwali ya iso, masara da latas da ɗoɗɗoya. Kwana 2 zuwa 3, kuɓewa, ganyen cad (mai faɗi, ɗan'uwan bitrut), alayyafo, gauta da ɗanyen wake. Zukini (dangin kabewa mai kama da kokwamba), tattasai da ganyen kel (dangin kabeji) za su kai kwana 5 ko 6. Kabeji, karas, bitrut, albasa da dankali su jira mako mai zuwa, ba abin da zai same su.

Ganyen da ya yi yaushi amma bai yi yauƙi ko wari ba, ki tsoma shi a ruwan ƙanƙara na minti 20, zai miƙe. Wajen wanki kuma, kayan ƙaramar gona da ƙasarsu suke zuwa. Ki cika roba da ruwa, ki jujjuya ganyen, ki tsamo shi da hannu ki bar yashin a ƙasa, ki sake har sau uku. In kika juye ruwan da ganyen a kwando, yashin kansa zai koma. Don tsutsar da ke ɓuya a kel da burokoli, babban cokali 1 na gishiri a lita 4 na ruwa, a jiƙa minti 20. Ban da sabulu.

Tambaya: Kowane mako sai an ba ni zukini huɗu ko biyar. Na ce ai kabewa ce, na yi miyar taushe da shi, sai miyar ta tsinke ta zama ruwa salam. Yaya zan yi? (Maman yara, Minneapolis)

Amsa: Dangin kabewa ne kam, Hajiya, amma ba aikinsu ɗaya a tukunya ba. Kabewarmu sai ta ƙosa a jikin yaɗonta ake cirewa, tsokarta ta yi gari da zaƙi, shi ya sa take narkewa ta ɗaure miya. Zukini kuwa 'yan kwanaki bayan fure ake tsinkarsa, kuma kusan kashi 95 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Duk wanda kika jefa a tukunya, ruwa kika ƙara.

In taushen kike so, sai ki fitar da ruwan tukuna. Ki yanka zukini 3 matsakaita gunduwa-gunduwa, ki shafa musu mai babban cokali 1 da ɗan gishiri, ki baza a faranti ba tare da wani ya hau wani ba, ki gasa a obin mai zafin digiri 220 na Salshiyos, wato 425 na Faranhait, minti 20 zuwa 25, har gefen ya yi ja. A tukunya ki dafa nama rabin kilo mai ƙashi da albasa da daddawa, ki zuba jajjagen tumatir 4, tattasai 2, attarugu 1 ko 2 da kika soya. Ga abin da zai tsaya a madadin kabewa: dankalin Hausa babba guda ɗaya, musamman mai jan cikin nan da ya yawaita a Amurka. Ki fere ki yanka ƙanana, ki bar shi ya dahu minti 15, ki farfasa da ludayi. Sai markaɗaɗɗiyar gyaɗa babban cokali 5, wadda ba a sa wa sukari ba, ki dama da romo kafin ki zuba don kada ta yi gudaji. Bayan minti 10 mai zai taso. A nan ne gasasshen zukini da ganye za su shiga, minti 4 kacal, tukunya a buɗe. Tsamin yakuwa kuma, in ba ki da ita, rabin lemon tsami bayan an sauke.

Mu dai a ganinmu gara ki jira Satumba ko Oktoba, lokacin da kabewar batanot da kaboca za su fara zuwa a kwalin. Su ne na taushe na gaskiya. Zukini ya fi daɗi a kasko. Ki goga rabin kilo, ki barbaɗa gishiri ƙaramin cokali 1, ki bar shi minti 20, ki matse a tsumma iya ƙarfinki. Ki haɗa da ƙwai 2, fulawa rabin kofi, albasa, attarugu da dunƙule ɗaya, ki riƙa ɗiba da cokali kina soyawa a mai kaɗan, minti 3 kowane gefe. In wainar tana watsewa, matsar ce ba ta isa ba. In waje ya ƙone ciki bai dahu ba, wutar ta yi yawa ko kin yi ta da kauri.

Wanda ya girma ya kai tsawon damtse, ki tsaga ki kwashe cikin mai 'ya'ya ki yi amfani da gefen. Sannan ki riƙa ɗanɗana ɗan yanki ɗanye kafin ki dafa. In kika ji ɗaci mai tsanani, ki tofar ki zubar da shi duka. Wani sinadari ne mai suna kukubitasin da kan taru a wasu, yana sa amai da gudawa, kuma dafuwa ba ta kashe shi.

Tambaya: Ina kewar kwaɗon zogale da dambu. Cikin ganyayen da ake ba mu, kel da cad da kolad, wanne zai yi? Na gwada kel ya yi tauri da ɗaci. (Ɗaliba, Philadelphia)

Amsa: Kel ɗin ne zai yi, Malama, gyaran ne bai cika ba. Taurin daga jijiyar tsakiya yake: ki riƙe gindin da hannu ɗaya, ki zage ganyen da ɗaya, ki yar da sandar. Ɗacin kuma na lokaci ne, don kel ɗin bazara ya fi wanda sanyi ya daka ɗaci. Maganinsa ruwa mai yawa. Ki tafasa lita 3 da gishiri babban cokali 1, ki zuba ganyen dami biyu, minti 6 zuwa 8, tukunya a buɗe. Ki tsame ki tsoma a ruwan sanyi, ki matse, sannan ki yanka. Wannan matsar ita ce ke raba kwaɗo mai kyau da caɓaɓɓe. Sai garin ƙuli-ƙuli rabin kofi, albasa 1, tumatir 2 da aka cire wa ruwan ciki, yaji, dunƙule, man gyaɗa babban cokali 2. Lemon tsami sai an zo ci, domin tsami yana mayar da koren ganye ya dushe. In babu ƙuli, ki daka soyayyar gyaɗa marar gishiri ki rage man zuwa cokali 1. Cikin nau'o'in kel, mai dogon ganye mai duhu ya fi mai cukurkuɗaɗɗen baki laushi, kuma shi ya fi kusa da zogale a baki.

Kolad, wanda shi ma dangin kabeji ne mai faffaɗan ganye, yana yin kwaɗo, amma yana bukatar minti 15 zuwa 20. Kada ki sa kanwa don ya yi saurin laushi. Zai yi kore shar, amma zai yi santsi, kuma kanwa tana lalata wasu bitamin na ganye.

Dambu: tsakin masara kofi 2, ko garin masara mai tsakuwa-tsakuwa da ake sayarwa a kantunan can. Ki wanke, ki tsane, ki turara a madambaci minti 20. Ki juye a roba, ki warware, ki yayyafa ruwa kaɗan, ki haɗa da ɗanyen kel kofi 3 da kika yanka siri-siri, da albasa, attarugu, dakakkiyar gyaɗa da gishiri, ki mayar minti 20. Mai a ƙarshe. In da kuskus za ki yi, turare ɗaya na minti 15 ya isa, amma ki fara ba ganyen tafasa ɗaya.

Cad kada ya shiga dambu, ruwa yake saki ya dunƙule tsakin. Wurinsa miya ne da fate, inda za a sa alayyafo. Ki raba sanda da ganye: sandar ta riga da minti 5 tare da albasa, ganyen ya biyo minti 3. Mai jar sanda yana rina miya, wannan ba lalacewa ba ce. Ganyen bitrut ma haka ake yi da shi, kada a zubar.

Abu biyu na lafiya. Mai fama da tsakuwar ƙoda ya rage cad da ganyen bitrut, don suna da sinadarin ogzalet da yawa. Mai shan maganin tsinka jini na wafarin kuma kada ya ƙara cin kel da kolad farat ɗaya ba tare da ya gaya wa likitansa ba, saboda bitamin K da ke cikinsu yana rage ƙarfin maganin.

Tambaya: Babban gautan nan yana shanye min mai, kuma duk da haka sai ya fito kamar roba. (Magidanci mai girka wa kansa, Atlanta)

Amsa: Malam, cikinsa soso ne mai cike da iska, duk man da ka zuba zai sha tun bai fara dahuwa ba. Sai ka rushe ramukan kafin ya ga mai. Hanya ɗaya: ka yanka kaurin yatsa, ka barbaɗa gishiri, ka bar shi minti 30, ka share ruwan da ya fito, sannan ka soya a kasko mai zafi da cokali 3 na mai. Hanyar da muka fi so ba suya a cikinta. Ka soke shi da cokali mai yatsu wuri biyar ko shida, in ba haka ba zai iya fashewa, ka gasa shi sukutum a digiri 230 na Salshiyos minti 40, har ya lotsa. Ka ɓare fatar, ka farfasa tsokar, ka zuba a soyayyen jajjage da manja da busasshen kifi, minti 10. Ka sami miyar yalo ta cin doya ko dankali. Taurin robar nan alamar bai dahu ba ne. Wannan gautan sai cokali ya ratsa shi ba turjiya, kuma ba a cinsa ɗanye yadda ake cin yalo.

Tambaya: Kuɓewar da ake ba mu ba ta yauƙi, masarar kuma in na gasa sai ta yanƙwane. (Hajiya, Newark)

Amsa: Ki karya bakin kuɓewar, Hajiya. In ya ɓalle ƙas tana da kyau, in ya lanƙwasa ta ƙosa. Ki wanke ki bar ta ta bushe, ki goga ko ki daka, ki zuba a romo kaɗan mai tafasa da kanwa ɗan mitsitsi, ko bekin soda abin da yatsu biyu suka ɗauka. Ki burga, minti 5 zuwa 7, kada ki rufe. Abin da ya fi kashe yauƙi tsamin tumatir ne da doguwar dafuwa, don haka ki dafa jajjagen daban ki haɗa a ƙarshe.

Masarar kuwa irinta daban ne. Mai zaƙi ce da ake cirewa tana ruwan nono, ba za ta yi ƙarfin tamu ba, ba kuma ta tuwo ba ce. Sukarinta yana juyewa ya zama sitaci daga lokacin da aka karya ta, shi ya sa ake so a ci a ranar. Tafasa minti 4, ko gashi minti 10 kina juyawa. In kika wuce haka ƙwayar za ta bushe.

Tambaya: A Agusta an ba ni tumatir ya fi kilo 8. Ina so in markaɗa da tattasai da albasa, in dafa, in ɗura a kwalabe, in zuba mai a sama in ajiye a kabad. Akwai matsala? (Uwargida, Chicago)

Amsa: Akwai, Hajiya, kuma babba ce. Don Allah kada ki yi. Akwai wata ƙwayar cuta a cikin ƙasa da ke haddasa gubar botulizim. Irinta yana jure tafasar digiri 100, kuma yana farfaɗowa ne a inda babu iska, babu tsami sosai, ga ɗumin ɗaki. Kwalbar markaɗe mai mai a sama ta cika duk sharuɗɗan nan. Tumatir kansa tsaminsa a bakin iyaka yake, albasa da tattasai suna ƙara rage shi, in kuma kin sa kanwa don kashe tsami kamar yadda aka saba, to kin buɗe ƙofar gaba ɗaya. Gubar ba lallai ta yi wari ko ta canja ɗanɗano ba. Alamunta su ne gani biyu-biyu, nauyin fatar ido, wahalar haɗiya da numfashi, kuma wanda ya ga haka asibiti zai nufa nan take. Irin wannan haɗin sai da tukunyar matsi ta musamman da ke kai digiri 116 ake adana shi a kwalba.

Firiza ita ce hanyarki. Ga kowane kilo 3 na tumatir, tattasai 6, albasa 3, attarugu gwargwadon bakinku. Ki markaɗa ba tare da ƙara ruwa ba, ki dafa a faffaɗar tukunya a buɗe har ya koma rabi, wajen awa ɗaya. Manyan tumatirin gargajiya masu launi-launi da ƙananan gonaki ke so sun fi dogon nan na Roma ruwa, don haka za su ɗauki lokaci fiye da haka, kuma mafi kyawunsu a ci su ɗanye da gishiri. Ki juye a faranti marar zurfi ya huce cikin awa 2, ki ɗura kofi biyu-biyu a ledar firiza, ki fitar da iska, ki kwantar da su, ki rubuta kwanan wata. Zai kai wata 6 da ɗanɗanonsa. Na firji kuwa kwana 3 zuwa 4. Kanwa sai ranar da za ki yi miya.

In lallai kwalba kike so, tumatir zalla za ki sa. Ka'idar Ma'aikatar Noma ta Amurka ita ce babban cokali 2 na ruwan lemon tsami na kwalba a kowace kwalba mai cin kusan lita ɗaya, a ɗura dafaffen tumatirin da zafinsa, a rufe da murfin adana abinci, a nutsar a tafasasshen ruwa minti 45, a ƙara lokaci in garin yana kan tudu.

Kauɗa kuma ba za ta yiwu a rana ba a wajenku, domin iskar bazarar can da laima take, fumfuna zai riga bushewa. Ki yanka kaurin rabin santimita, ki jera a obin ko na'urar busarwa a digiri 60 na Salshiyos, awa 8 zuwa 12, har ya zama ba danshi in kin matsa. Tattasai da attarugu ki yanka ki daskarar haka nan. Ɗanyen wake da kuɓewa kuwa sai an tsoma su a tafasasshen ruwa minti 3, ganye minti 2, a sanyaya a ruwan ƙanƙara, a tsane, sannan su shiga firiza.